Aron Riga a Darasin Tarihi

Kowa ya san yadda a ke koyar da tarihi a yawancin makarantunmu. Malami ya shigo da littafi a hammata, ya juya wa yara baya, ya cika allo da rubutu tun daga wannan kusurwa har waccan, yara su kwafe. In ya gama ya ce, "Kun gane?" su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam." Ran jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su, ko ƙwaya ba ta zube ba, sa'an nan su manta. Yaro ya iya gaya maka Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, amma tambaye shi abin da mutanen lokacin su ke tsoro, ko abin da su ke jayayya a kai, sai ya tsaya yana kallon rufin ɗaki.

Ba laifin yaran ba ne duka, ba kuwa na malaman ba. Tun daga wajen 2009 aka fid da tarihi daga darussan firamare da na ƙaramar sakandare, sai a 2022 Gwamnati ta yi shelar komo da shi. Mu da mu ke wannan kwaleji yanzu, cikin wannan giɓi muka tashi. Ga shi kuwa mu ne za a miƙa wa alli.

Amma akwai wata wahala wadda ta fi wannan. Tarihin ƙasarmu yawancinsa labarin faɗa ne, waɗanda suka yi faɗan kuwa jikokinsu ne ke zaune a benci ɗaya. Ni a makarantar Mishan na yi karatu, mutanenmu kuwa mutanen kan dutse ne. Kakata ta kan ba mu labarin da ta ji daga bakin tata kakar, yadda aka bar fili aka hau duwatsu aka kewaye gari da shingen ƙerana saboda mahaya masu kamun bayi. Saboda haka da na ji labarin zuwan Gwamna Lugga, kamar labarin ceto na ji shi, ko da ya ke ita kakar tawa ba ta manta da gaya mana cewa sojan Turawa ma sun ƙone rumbunan garinmu a kan haraji ba. Da na zo kwaleji na sami abokin ɗaki Basakkwace, sai na tarar shi kuma labarin nan a gidansu labarin makoki ne, ranar da aka karya daula, Sarkin Musulmi ya yi shahada. Shekara ɗaya ce, 1903, amma kai ka ce ƙasa biyu mu ke magana. To, malamin da ya shiga aji mai ɗauke da irina da irinsa, me zai rubuta a allo? Galibi ya kan rubuta ranaku da sunaye kurum ya wuce, don ranaku ba su ta da husuma.

Wannan ne ya sa da aka tura ni koyarwar gwaji a wata sakandare, a wani gari na bakin hanyar jirgin ƙasa inda kabilu suka cakuɗa, na nemi izinin shugaban makaranta in gwada wata dabara. Ni dai na kan kira ta wasan aron riga. Watau a ba kowane yaro matsayin wani mutum na zamanin da, a gaya masa ko shi wane ne, da abin da ya mallaka, da abin da ya ke tsoro, da iyakar abin da ya sani, sa'an nan a aje masa matsalar da mutumin nan ya fuskanta, a ce ya yanke shawara.

Kada a ɗauka wasan kwaikwayo na ke nufi irin wanda mu kan yi da Kirsimati ko ranar ba da kyauta. A wancan an rubuta wa kowa abin da zai faɗa, an kuma san ƙarshe tun kafin a fara. A wannan ba a rubuta wa kowa magana ba, ƙarshen kuwa yana hannun masu wasan. Wani malamin tarihi a kwalejin Barnard ta birnin New York, Mark Carnes, ya tsara irinsa tun cikin shekarun 1990, kwalejoji da yawa a Amurka suka ɗauka. Amma mu ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya taɓa ganin tashe da azumi, ko kalankuwa bayan kaka inda samari su kan naɗa sarkinsu da alkalinsu, ya san yaranmu gwanayen aron riga ne tun ba a sa su makaranta ba. Abin da ya rage sai a ɗaure wasan da igiyar gaskiya.

Waɗansu malamai da Taron Balin su ke farawa. A shimfiɗa taswirar Afirka, a ba yara almakashi, wannan Ingila, wancan Faransa, a ce su yanka. Yara suna jin daɗinsa ƙwarai, amma ni ban ɗauke shi ba, don yana koya musu abin da bai faru ba. Ƙasashe 14 da suka zauna a Balin daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 ba su zana iyakokinmu a wurin ba. Sharuɗɗa suka yi na yadda za a yi rabon, da na zirga-zirgar jirage a Kwara da Kwango. Iyakokin daga baya aka yi ta ja, da yarjejeniya da bindiga. Banda haka, wasan ba shi da wurin ɗan Afirka ko ɗaya, tun da ya ke taron ma ba shi da shi.

Na zaɓi Sakkwato a farkon watan Maris 1903. Na rubuta a allo abin da kowa a birnin ya sani a ran nan. Bida da Kwantagora da Yola sun faɗi tun 1901, Bauci a 1902. Magajin Keffi ya kashe Kyaftin Maloni a watan Oktoba ya gudu Kano, Turawa suka riƙe wannan hujja. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin wannan wata, an naɗa Attahiru ɗan Ahmadu, bai ko yi wata shida a kan gado ba. Kano ta faɗi Sarki Alu ba ya gari. Ta arewa kuma Faransawa suna Damagaram tun 1899. Na ja layi a ƙarƙashi na ce, "Daga nan ba wanda ya san kome. Wanda ya karanta gaba a littafi ya bar saninsa a bakin ƙofa tare da takalmansa."

Na yanka kwalin sabulu na yi katuna. Akwai malamai masu cewa a yi hijira gabas, don bai halatta a zauna ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba. Akwai sarakunan yaƙi masu cewa a tsaya a kare birni. Akwai masu cewa a zauna a nemi sulhu don a tsare rayukan talakawa. Waɗannan uku su ne cikin majalisa. Bayan majalisa kuma na sa fatake masu safarar goro daga Gwanja, da manoma, da matan aure masu goyo, da bayi na rinji, da mutanen dutse, da sojan da ke tafe cikin rundunar Turawa. Kowane rukuni na ba shi 'ya'yan tsamiya 20 a gwangwani, su ne hatsinsa. Tafiya tana cin tsamiya, yaƙi yana ci, baƙo in ya sauka yana ci. Ga shi bazara ce, rijiyoyi sun ja baya, shuka ta kusa.

Dokoki kaɗan na kafa, amma ban yarda a taɓa su ba. Ba wanda zai zama Sarkin Musulmi, ko wani malami sananne da sunansa. Kujera na aje a gaba ba kowa a kanta, ni kuma na zauna gefe kamar magatakarda, majalisa tana ba da shawara ina rubutawa. Mutumin da jama'a ke girmamawa ba a ba yaro ɗan shekara 15 ya kwaikwayi muryarsa, ko da niyya mai kyau. Ba sanda, ba takobin kara, ba faɗuwa ƙasa a ce an mutu. Ba a ɗaure kowa, ba a durƙusar da kowa. Ba a kwaikwayon salla ko addu'a. Sa'an nan dokar da ta fi duka, ba mai sa rigar gidansu. Na dubi rajista da dare na raba katunan yadda kowa zai sami gefen da ba na kakanninsa ba.

Da aka raba, sai wani yaro, ɗan wani attajiri mai shagon atamfa, ya miƙe ya aje katinsa a kan teburina. Ya ce, "Malam, ni ba bawa ba ne." Na ce, "Na sani. Ita ma wancan ba malamin Sakkwato ba ce, 'yar Fasto ce. Riga ce aka ara maka, in an buga ƙararrawa ka tuɓe." Ya tsaya jim kaɗan, ya ɗauka ya koma yana gunaguni.

Minti goma na fari hayaniya ce kurum. Masu yaƙi suna ta cika baki, don yaro namiji in ka ba shi zaɓi tsakanin doki da haƙuri ka san wanda zai ɗauka. Sai na aiko manzo na fari, watau wani ƙaramin yaro da na ba takardu a aljihu. Ya karanta cewa Wazirin Kano Ahmadu ya gamu da Turawa kusa da Kwatarkwashi, an kashe shi, dawaki ba su iya kai wa ga masu bindiga ba. Na bi na kwashe tsamiya biyar biyar daga gwangwanin masu yaƙi. Ɗakin ya yi sanyi kaɗan.

A nan ne 'yar Faston ta miƙe. Yarinya ce wadda tun da na zo ban taɓa jin muryarta ba sai wajen amsa suna. Ta riƙe katinta da hannu biyu ta ce, in an tsaya yaƙi za a mutu a banza, in an zauna kuwa yau za su ce ba ruwansu da addininku, gobe su naɗa wanda su ke so su tuɓe wanda ba su so, jibi 'ya'yanku su tashi ba su san abin da aka rasa ba. Ta ce Shehu ma da aka matsa masa barin Degel ya yi ya tafi Gudu, ashe wanda ya bi sawunsa bai yi abin kunya ba. Maganar Gudu tana cikin katin, amma sauran duk nata ne. Yaran Musulmi na ajin suka juyo suna kallonta. Ɗaya daga cikinsu, wanda katinsa na mutumin dutse ne, har ya manta ya ce, "Wallahi gaskiya ne," sai 'yan rukuninsa suka ja masa riga ya zauna.

Masu sulhu su suka fi shan wuya, don duk abin da suka faɗa sai a ce musu matsorata. Amma wata mai katin matar aure ta taimake su. Ta zube tsamiyarta a kan tebur ta ƙirga, ta ce wannan ba za ta kai ta ko Bauci ba da 'ya'ya huɗu da tsohuwa makauniya, masu dawaki su tafi, ita ina za ta? Ta ce wa zai zauna ya yi magana da Turawa saboda irinta?

Ana cikin haka ɗan attajirin nan, wanda tun ɗazu ya haɗa kai da gwiwa, ya ɗaga hannu. Doka ta ce na bayan majalisa ba ya magana sai an ba shi izini, na ba shi. Ya ce, "Ina da tambaya ga masu hijira. In kun tashi, wa zai ɗauki kayan?" Aka yi shiru. Ya ce, "A katina an ce an kamo ni ina yaro daga wani gari na kudu, shekara 20 ina noma gandun wani. Kuna ta cewa kada a zauna ƙarƙashin baƙo. Ni tun yaushe na ke ƙarƙashin baƙo?" Kai, jama'a, na karanta littattafai a kan wannan zamani gwargwadon abin da laburarenmu ke da shi, amma ban taɓa jin an sa maganar a taƙaice haka ba. Nan take na aiko manzo na biyu da labarin dokar da Lugga ya yi a 1901, cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, an kuma hana kamu da sayarwa. Bayin suka fara murna. Sai shi yaron ya sake karanta takardar ya ce, "Malam, wannan ai 'ya'yanmu ta 'yanta, mu fa?" Haka ne kuwa, ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936.

Katin soja shi ma ya ta da ƙura. Yawancin yaran sun ɗauka dubban Turawa ne suka zo. Da mai katin ya karanta cewa shi Bahaushe ne, rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne masu ba da oda, saura duk baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, sai wani ya ce ƙarya ne. Na ce ya je ya bincika ya zo mini da amsa ran Litinin. Ya kuwa zo, ya tsaya bakin ofis ya ce, "Malam, ashe mu muka ci kanmu."

Aji biyu na yi wa wasan. Na fari suka jefa ƙuri'a hijira ta ci, na biyu sulhu ya ci da ƙyar. Kashegari na ce kowa ya aje katinsa a kwando, ya faɗi sunansa na gaskiya da ƙarfi, ya koma mazauninsa na kullum. Wannan tuɓe riga kada malami ya kuskura ya tsallake shi, ko da lokaci ya ƙure, in ba haka ba sai a fita da faɗan filin wasa. Sa'an nan na gaya musu abin da ya auku, watau duka ukun aka yi. An yi yaƙi a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, ran 15 ga Maris, bai ko kai azahar ba aka watse, mutane suka mutu a gindin tuta. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi har abin ya tsorata Turawa, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har ƙasar Sudan, garin da suka kafa a bakin Nilu yana nan da sunansa. Waziri Buhari kuwa ya shawarci malamai ya komo birni ya yi sulhu, daga baya ya rubuta takarda yana bayyana hujjarsa, alamar abin bai bar shi ya yi barci ba. Ban taɓa ganin yara sun saurari ranaku da sunaye kamar ran nan ba. Kowa so ya ke ya ji abin da ya sami mutuminsa.

Kada in sa ku ɗauka abin ba shi da tsada. Darasin da manhaja ta ba minti 40 ya ci mini sau uku, ban da dare huɗu na rubutun katuna. Malamin lissafi na ajin da ke maƙwabtaka ya leƙo sau biyu, fuskarsa ba annuri. Ran Laraba kuma sai ga mahaifin yaron nan a ofishin shugaba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, an ce ka mai da ɗana bawa a gaban 'yan'uwansa." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ga katin, ga kuma abin da ya rubuta bayan wasan." Ya sa tabarau ya karanta duka biyu a hankali. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce ƙanen kakansa yana cikin waɗanda suka bi Attahiru, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, shi da ya so a ba yaron wannan katin. Na ce wannan labarin ai yana da mai ba shi a gida, wancan ne ba shi da shi. Bai ce ya yarda ba. Ya dai ninke takardar yaron ya sa a aljihu, ya yi mana sallama.

Akwai kuma haɗarin da ya fi fushin iyaye. Wasa yana da ƙarfi, abin da ke da ƙarfi kuwa yana iya kuɓuce wa mai shi. A 1967 wani malami a Kalifoniya, Ron Jones, ya so ya nuna wa yaransa yadda Jamusawa suka bi Hitila, ya kafa musu ƙungiya ta wasa mai gaisuwarta da dokokinta. Cikin mako guda yara suka fara kai ƙarar juna da gaske, dole ya tsai da abin. Shi ya sa ni ba na sa yara su kwaikwayi zalunci, shawara kaɗai na ke sa su yi. Na kuma gaya wa ɗan attajirin a gaban kowa cewa riƙe kati na minti 40 bai sa ya san zafin bauta ba, tambaya ɗaya kurum ya koya, amma tambaya ce mai kyau.

Wani abokina a nan kwaleji ya ce, tun da abin ya yi kyau haka, me zai hana a yi shi a kan Kafancan ta 1987, ko Zangon Kataf ta 1992, ko Jos ta 2001? Na ce masa ni dai ba da ni ba. A 1903 ba wanda ya san fuskar mamacin. Amma a waɗannan, yaron da za ka miƙa wa kati watakila kawunsa ne aka binne, wanda a ke zargi kuwa yana nan da rai a bayan kasuwa. Wannan sai a zauna a yi magana a hankali, in ma za a yi. Abokin nawa ya ce tsoro ne, kuma in malamai suka yi ta jira sai rauni ya warke, masu wa'azin ƙiyayya ba su jira. Maganarsa tana da nauyi, har yanzu ba mu gama ta ba, mu kan ɗauko ta duk ran da aka ɗauke wuta.

Abin da na yarda zan gwada, in Allah ya kai mu zango mai zuwa kuma aka ba ni manyan yara, shi ne taron Aburi na ƙasar Gana, ran 4 da 5 ga Janairu 1967, inda Gowon da Ojukwu da sauran hafsoshi suka zauna wata shida kafin a fara yaƙin basasa. Tebur ne ba fagen fama ba, abin da aka faɗa kuwa a rubuce ya ke, sai dai katunan masu ba da shawara zan yi, ba na shugabannin ba. 'Yan matan ajina kuma sun riga sun yi mini ƙorafi cewa a Sakkwato bayan majalisa aka bar mata, don haka na fara tattara abin da zan yi katunan boren matan Aba na 1929 da shi, inda maza ne za su zauna a baya su nemi izini.

Katunan Sakkwato guda 54 suna wurina cikin kwalin takalmi, duk wanda za shi koyarwar gwaji ya ke so ya ara sai ya same ni bayan cin abincin dare. Gwangwanayen ma suna nan. 'Ya'yan tsamiya ne kaɗai kowa zai nemi nasa, don nawa yara sun yi dara da su.